Kashi Huɗu a Saman Dutse

"Cire ta," in ji Pake.

"Ba zan cire ba."

"Durk, mutane suna jira."

"Su jira mana. Mu ma ai mun jira."

Baba ya tsaya gaban na'urar cajin, ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar mai gadin ƙofa. Kebul ɗin, mai kauri kamar damtsen mutum, yana maƙale a gefen motarmu. Allon na nuna kashi saba'in da ɗaya. Pake kakana ne, uban Baba, kuma da wannan sunan kowa ke kiransa a gidanmu, har da Baban. Yana dogare da sandarsa, fuskarsa tana wajen kwandon shara. Baba yake kallo. Haka yake kallon komai yanzu, a karkace. Tsakiyar idonsa ta mutu, gefe-gefe ne ya rage, likita kuma ta ce gefen ma ba zai kai Kirsimeti ba.

Abin da ya kawo mu Norway ke nan. Pake bai taɓa ganin dutse ba. A ƙauyenmu na Friesland babu abin da ya fi ganuwar teku tudu, ita ma yara da keke suke haye ta. Tun yana saurayi yake maganar wani wuri a nan, inda mutum ke tsayawa a bakin dutse ya leƙa, ya ga teku ta kutso tsakanin duwatsu can ƙasa kamar an tsaga duniya an zuba mata ruwa. Fiyod. Shekara da shekaru yana cewa sai baɗi, saboda shanu. Shanun sun ƙare, ido ya biyo baya.

Wurin yana bayan dutsen da ke gabanmu. Wayata ta ce gajimare zai rufe yammacin ƙasar daga tsakar rana, ruwan sama kuma har ƙarshen mako. Jirgin ruwan da zai mai da mu gida ranar Asabar ne.

"Pake bai san motar nan ba," in ji Baba. Ko a cikin faɗa ba ya ce wa ubansa kai. "Pake bai san wutar da jan ɗaki ke ci ba. Sai ta cika fal za mu tashi."

"Yaushe za ta cika? Ranar tashin ƙiyama?"

"Awa ɗaya. Ko ƙasa da haka."

"Direban madara! Kai ko coci za ka sai ka auna hanya da zare. Nisan nan bai wuce daga gida zuwa birnin Leeuwarden da dawowa ba."

"Wanda ni nake hura wa tayar kekensa iska, shi ne zai koya mini tuƙi."

Na jingina da ɗakin ja, ɗakin kwana mai taya da motar ke ja a baya, wanda muka kwance daga motar muka tura da hannu zuwa bakin shinge, domin gurbin cajin ba a yi shi don mota mai wutsiya ba. A ciki akwai gadajenmu, da buhun dankalin gida, da cuku, da kofi na wata guda, kamar ba a cin abinci a Norway.

Motoci sun taru. Mutanen nan ba sa yin layi. Kowa ya faka inda ya samu, ya fito ya jingina da motarsa, yana cin burodi daga cikin takarda, kuma kowa ya san wanda ya riga shi zuwa. Ba mai huci, ba mai danna ham. Idan batir ya kai tamanin wutar takan fara shiga a hankali, a nan mutum ke cirewa ya ba na baya, ba sai an ce masa ba. Matar da ke bin mu tana da yara biyu a kujerar baya. Ba ta kalle mu ba ko sau ɗaya. Rashin kallon nan ya fi zagi ciwo, kuma na san Pake yana jin sa a bayan wuyansa.

Ya matsa ya lalubi kebul ɗin, ya kama da hannu biyu ya ja. Bai motsa ba. Mota ba ta sakin kebul sai an tsai da cajin, tsayarwar kuma a wayata take, domin ni ne mai fama da manhajojin nan tun daga Jamus. Kowace ƙasa da nata, kowane kamfani da nasa.

"Jelmer," in ji Pake.

"Kada ka kuskura," in ji Baba.

Na duba taswira. "Akwai wata caja a saman dutsen. Baki biyu. Tana nuna kore."

"Kore a waya," in ji Baba.

Na kalli yamma. Sama garau take, sai can ƙarshenta da ta fara yin toka-toka. Na danna. Na'urar ta ja dogon numfashi ta yi shiru, motar ta yi ƙas ta saki kebul ɗin.

Baba ya zare shi daga jikin motar. Ya naɗe kebul ɗin ya rataye shi daidai yadda ya same shi. Muka ja ɗakin muka ɗaura. Da muka zo wucewa, matar ta ɗan sunkuyar da kai, kaɗan, kamar wadda ƙuda ya sauka wa a goshi. A nan wannan babbar godiya ce.

*

Da farko hanyar ta bi kogi. Ruwansa kore ne mai haske, kamar an zuba masa madara, kuma gudu yake. A wajenmu ruwa ba ya gudu. Yana kwance a magudanai yana jiran a ja shi da injin. Pake ya manna gefen fuskarsa da gilashi.

"Wa ke kora shi?"

"Ba kowa, Pake. Gangara ce."

"Hm."

Muka shiga rami a cikin dutse, muka daɗe a duhu, muka fito. Daga nan hanyar ta ɗaga kai.

Ban san yadda zan faɗe shi ba. Na sha ganin duwatsu a waya. A waya suna da iyaka. Wannan sai da na kwantar da kai a kan gwiwa na leƙa ta saman gilashi, ban ga ƙarshensa ba. Baƙin bango ne tsaye, jiƙe, ruwa na sauka a jikinsa a wurare da yawa kamar farin zare. Wani zaren ba ya ma isa ƙasa, iska ke kwashe shi a tsakiya. Can sama, a kan wani ɗan tsiri, ga gida ja da ciyawa a rufinsa. Wani ya ɗauki katako ya kai can. Wani ya haifi 'ya'ya a can.

"Saura kashi sittin da biyu," in ji Baba.

Can ya sake duba allon.

"Hamsin da takwas. Ba mu yi nisan zuwa kasuwa ba."

Pake ya sa yatsa a kunne yana girgizawa. "To. Kunnen ma ya tafi. Durk, na kurumce."

"Pake ya haɗiyi miyau."

"Me?"

"Miyau! A haɗiya!"

Ya haɗiya. Sai ya fashe da dariya. "Kai! Ya dawo. Wannan wace irin ƙasa ce, da take toshe wa mutum kunne ta buɗe?" Ya zaro alewar na'ana'a daga aljihun rigarsa, irin wadda yake sha a coci lokacin wa'azi, ya miƙa mana ɗaya-ɗaya ta kan kafaɗa. Baba ya karɓa bai juyo ba.

Hanyar ta fara naɗewa. Kwana, a hau, kwana, a hau. A kowace kwana ɗakin ja yakan leƙa waje, ni kuma daga kujerar baya ina ganin kogin da muka baro ya koma kamar igiyar takalmi. Baba shekara ashirin da wani abu yana jan tankar madara a kan hanyoyin da faɗinsu bai fi tabarma ba, ruwa dama ruwa hagu, ko a jikinsa. A nan na ga wuyansa yana zufa. Yana manne wa bangon dutse har madubi na neman gogar sa. Ya san abin da iska ke ci, ya san abin da nauyi ke ci, ya san abin da sanyi ke ci. Bai taɓa sa tudu a lissafi ba, domin bai taɓa haɗuwa da shi ba. Mu ma haka.

A wani ɗan fili da aka bari don motoci su wuce juna, ya tsaya. Ya zauna yana kallon sitiyari.

"Kai ne mai sabon lasisi," ya ce mini. "Zo ka koyi wani abu."

Muka yi musayar wuri. Pake ya buɗe baki, na ga ba'ar ta iso har leɓensa, sai ya mai da ita da alewa.

Arba'in. Talatin da biyar. Itatuwa suka fara gajarta, suka koma kamar tsofaffi masu doro, daga nan suka ƙare. Baba ya miƙo hannu daga baya ya kashe rediyo, ya kashe abin ɗumama mota, ya cire cajar wayarsa, kamar ita ce matsalar. Muka yi kwana ta ƙarshe, hanyar ta kwanta.

Na ɗauke ƙafa daga totur ban sani ba.

Ba komai a wurin. Dutse ne shimfiɗe har iyakar gani, toka-toka, da dusar ƙanƙara kwance a kansa falle-falle, a tsakiyar Yuli. Tafkuna baƙaƙe ƙirin, ƙanƙara na yawo a kansu shuɗi-shuɗi. Ba gida, ba shinge, ba gona. A wajenmu duk taƙin ƙasa da ka gani wani ne ya ƙwato ta daga teku, kuma ana iya gaya maka sunan kakansa. Wannan ba wanda ya yi ta. Ba ta ma san mun zo ba. Sai manyan turakun lantarki da ke tafe a jere, suna ɗauke da wutar da ruwan duwatsun nan ke haifarwa, suna haurawa su ɓace.

"Tsaya," in ji Pake.

"Ba za mu tsaya ba," in ji Baba. "Sha tara."

"Fari nake gani a gefe. Mene ne?"

"Ƙanƙara ce, Pake."

Ya sauke gilashi. Sanyi ya shigo kamar wuƙa. Ba wanda ya ce ya rufe.

*

Cajar tana nan inda taswira ta ce. Tana tsaye ita kaɗai kusa da wata bukkar katako da ke kulle, fara sol, fitilarta na ci, kamar abin da ya faɗo daga sama. Tumaki uku sun kwanta sun jingina da ita don ɗumi, ƙararrawa a wuyansu. Ban taɓa jin daɗin ganin wani abu kamar ta ba. Muna da kashi goma sha biyu.

Baki ɗaya yana jikin wata doguwar mota mai lambar Jamus. Ba kowa a ciki. Na leƙa: barguna, kwanon kare, takalman gida. Sun tafi hawan dutse. Allon ya nuna ta cika tun tuni, amma kebul ɗin na kulle a jikinta.

Ɗaya bakin na ciro na sa a tamu. Shiru. Na cire na mayar. Na gwada manhaja, na gwada kati, na gwada ɗaya katin. Na kira lambar da ke jikin na'urar. Wata murya mai ladabi ta ce tana ganin matsalar daga inda take, ta yi ƙoƙarin tayar da ita daga can, ta ba ni haƙuri, ta ce mai gyara zai hau ranar Litinin. Ta yi mini fatan hutu mai daɗi.

"Kore a waya," in ji Baba. A hankali ya faɗa. Da ya yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Ya zagaya motar Jamusawan sau biyu, ya ƙwanƙwasa gilashi kamar za su fito daga ƙarƙashin kujera. Ya sa hannu a baki ya yi kira wajen duwatsu. Tunkiya ɗaya ce ta ɗaga kai.

"Caja ta gaba tana ina?"

"A ƙasa. Bakin ruwa."

"Nisa?"

Na gaya masa. Motar ta ce abin da ya rage mata, da ɗaki a bayanta, ba zai kai rabin haka ba.

"To mun zauna. Ko su dawo, ko a kira motar ja ta zo ta ja mu." Ya fara neman lamba.

Na kalli yamma. Tokar nan ta ɗazu ta tashi ta zama bango. Tana tafe a kan dutsen, ƙasa-ƙasa, tana haɗiye turakun lantarki ɗaya bayan ɗaya. Wurin leƙen yana can wajenta, bai fi tafiyar kwatan awa ba.

Na jira Pake ya fara. Na jira direban madara, da zare, da ranar tashin ƙiyama. Bai ce ko ɗaya ba. Ya juya gefen fuskarsa yamma, ya daɗe a haka. Sannan ya lallaba ya zauna a kan matakalar ɗakin ja.

"Shi ke nan, yara. Na ga ƙanƙara a Yuli. Wa ya taɓa gani a ƙauyenmu? A kawo kofi."

Na kawo filas da kofuna. Ya ce shi zai zuba, kamar kullum. Ya ajiye kofin a kan gwiwarsa, ya karkata kai, ya zuba. Kofi ya sauka a gefen kofin, a kan wandonsa, yana tururi. Bai janye ƙafa ba. Ya gyara hannu ya ci gaba da zubawa kamar ba abin da ya faru.

Baba yana kallo, waya a kunnensa. Na ji ana magana a cikinta. Ya sauke ta ya sa a aljihu.

"Pake ya tashi daga nan."

"Kofi nake sha."

"A sha a mota. Jelmer, kawo duwatsu, manya."

Ya durƙusa a gaban ɗakin, ya fara murɗa ƙaramar tayar gaba tana sauka. Ɗakin nan ya saye shi a shekarar da aka haife ni. Duk bazara yakan wanke shi da burushin haƙori a lungu-lungu. Ko a wurin shan mai ba ya barin sa sai ya zauna inda zai riƙa hango shi. Ya kwance shi daga motar, ya ja birkinsa, ya tokare tayoyin da duwatsun da na kawo, ya kulle ƙofa, ya ja hannun ƙofar ya tabbatar, ya sake ja.

"Za ka bar shi a nan?" in ji Pake. "Da dankalin?"

"Tumaki ba su iya buɗe ƙofa ba."

"In ba mu kai ƙasa ba fa?"

"Pake ya shiga mota kafin in dawo hankalina."

*

Ba ɗaki a baya, motar ta zama kamar an sauke mata dutse daga kai. Na tafi a hankali duk da haka. Goma. Tara. Hanyar da na ɗauka a kwance take, ashe tana hawa a ɓoye. Numfashinmu ya rufe gilashi, Baba yana gogewa da hular Pake. Takwas. Allon ya koma ruwan ɗorawa, ya ce in nemi caja mafi kusa.

"Mun gode da shawara," in ji Pake.

Gajimaren ya same mu a kan hanya. Ba a hankali ba. Yanzu ga rana a kan ƙanƙara, yanzu babu. Na kunna fitila, ba ta nuna mini komai ba sai sandunan da aka kafa a gefen hanya, ɗaya, sai wata, sai wata. Can muka ga inuwar wata babbar bas da alamar wurin leƙe.

Kashi huɗu.

An yi wani dandamali na ƙarfe da ya fita daga bakin dutsen ya rataya a iska. Mutanen bas ɗin suna kai, cikin rigunan ruwa masu launi, suna ɗaukar hoton junansu a gaban fari. Na riƙe gwiwar hannun Pake muka taka har ƙarshe. Ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ana jin ramin ko ba a gan shi ba. Sanyi na tasowa daga ƙasa, da ƙarar ruwa mai nisa, ta ko'ina.

Ya juya kai hagu. Ya juya dama. Ya ɗaga haɓa, ya sauke.

"Jelmer. Gaya mini gaskiya. Ni ne, ko shi ne?"

"Shi ne, Pake. Ni ma fari nake gani."

"To." Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Yau dai idonmu ɗaya."

Na waiwaya. Baba bai hau dandamalin ba. Yana tsaye a bakinsa, hular Pake a hannu, yana matse ta kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Muka jira. A gida idan hazo ya sauka, ya sauka ke nan a kan komai, daga coci har teku, sai dai a jira gobe. Mutanen bas suka koma bas ɗinsu. Ruwa ya fara sauka siriri. Leɓen Pake ya fara canza launi.

"Mu tafi," in ji shi. "Na ji ƙararsa. Ba laifi."

Komawa wajen ɗaki ba ta yiwuwa da kashi huɗu. Hanya ɗaya ce ta rage. Baba ya zauna a gaba kusa da ni, ya buɗe lambar masu motar ja ya riƙe a hannu. "Inda ta mutu, ka kai ta gefe. Kada ka bar ta a kwana."

Hancin motar ya sunkuya. Na ɗage ƙafa daga totur, ban taɓa birki ba. Ta riƙe kanta da kanta, tana wani siririn kuka kamar na sauro. Kwana ta farko. Fari. Kwana ta biyu. Ina jin nauyinmu duka yana tura ta, ita kuma tana turjewa a hankali.

"Biyar," in ji Baba.

Na ɗauka ban ji daidai ba.

Ya ƙwanƙwasa allon da farce. "Ta rikice. Sanyi ne." Kwana. Kwana. "Shida."

"Me ke faruwa?" in ji Pake daga baya.

"Tana ƙaruwa."

"Me ke ƙaruwa?"

"Wutar, Pake. Batir ɗin."

"Wa ke zuba mata?"

Baba ya san amsar. Ni ma na sani, tana cikin littafin motar. A gida idan ka rage gudu a gaban danja, takan mai da 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta isa a gani ba. Amma sani daban, ka ga lamba tana hawa a tsakiyar daji, ba kebul, ba kati, ba manhaja, wannan daban. Abin da dutsen ya ƙwace mana a can gefen, shi yake zubo mana a wannan, kwana bayan kwana.

"Dutsen ne," in ji Baba. Muryarsa ta zama ta yaro. "Pake, dutsen ne ke zuba mata."

"Ikon Allah," in ji Pake.

"Bakwai."

Farin ya fara yin sirara. Na ga itace, na ga wani. Ya koma kamar labulen da ya tsufa, ana hango kore ta cikinsa. Muka sha wata kwana, sai kawai muka fito ta ƙasansa.

Na taka birki. A karon farko.

Ban san gajimare yana da ƙasa ba. Ban taɓa tunanin ana iya sauka a bar shi a sama kamar rufin ɗaki ba. Ga shi nan a kanmu, shimfiɗe daga wannan dutse zuwa wancan, a ƙarƙashinsa kuma iska tas, kamar an wanke. Bangaye biyu baƙaƙe sun sauka tsaye, suna ta sauka, har inda ido ke fara jin jiri. A tsakaninsu ruwa, kore mai duhu, ko motsi babu, ya lanƙwasa ya shige bayan wani dutse ya sake fitowa can gaba. Farin ruwa na zubowa kai tsaye daga cikin gajimaren, ba a ganin inda ya faro. Jirgin fito yana tsakiya, ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa, yana jan dogon layi a bayansa. A can nesa gajimaren ya ɗan tsage, rana ta zuro ƙafa ɗaya ta taka ruwan, wurin ya kama da wuta.

Akwai ɗan fili a bakin kwanar. Na kai motar can na kashe. Baba ne ya fita ya buɗe wa Pake ƙofa. Ya riƙe shi har bakin shingen dutse, shi da bai iya kallon gefen hanya ba tun safe, ya tsaya tare da shi a nan.

Pake ya juya mana fuska, ya ba fiyod ɗin gefen kansa. Wanda bai sani ba zai ce Baba yake kallo. Ya fara daga sama, yana sauke haɓa a hankali, a hankali, yana bin bangon har ƙasa. Ya tsaya. Ya juya ɗaya gefen ya sake farawa da ɗaya idon. Bakinsa a buɗe. Ruwa na ɗiga daga gashinsa, bai share ba.

Wata mota ta wuce mu tana hawa. Ƙararrawar tumaki a wani wuri a ƙasa. Ban ciro waya ba.

"Ga jirgi can," in ji Baba. "Ƙasa, wajen hagun Pake."

"Na gan shi. Yi shiru."

Tsagar nan ta fara rufewa, hasken da ke kan ruwan yana ƙanƙancewa, shi kuma yana bin sa da gefen ido har ya kusa juya mana baya. Ya lalubo hannun Baba a kan shingen ya dafa.

"Durk," ya ce. "In sauran ganin ya ɗauke, wannan zai zauna?"